Kurakuran da Ake Yi Wajen Shuka Ceri a Gidajen Legas

Kuskure na farko yakan faru ne tun kafin a taɓa ƙasa, wato wajen sanin wace shuka ake nufi da ceri. Idan ka ambaci wannan suna a kasuwar Mile 12 ko a Agege, abin da za a miƙo maka shi ne agwaluma, wadda Yarabawa ke kira agbalumo. Agwaluma kuwa bishiyar kurmi ce da kan wuce mita 20 a tsayi, saboda haka wanda ya binne ƙwallonta a jikin katanga ko kusa da ramin shadda ya gayyato wa kansa rigima da mai gida, kuma zai yi shekaru yana jiran 'ya'ya.

Wasu kuma sukan ga hoton gajeriyar bishiyar ceri a intanet, ta yi jajur da 'ya'ya, sai su sa a kawo musu irinta daga waje. Yawancin waɗannan na ƙasashen sanyi ne. Misali, nau'in Carmine Jewel, wanda Jami'ar Saskatchewan ta Kanada ta fitar a 1999, an samar da shi ne domin ya jure sanyin da ke daskarar da ruwa, kuma ba ya fure yadda ya kamata sai ya samu ɗaruruwan sa'o'i a sanyin da ma'aunin zafi ke ƙasa da digiri 7. A Legas ko a tsakiyar hunturu da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, don haka kuɗin da aka kashe ya tafi a banza, ko da shukar ta yi ganye na ɗan lokaci.

Waɗanda suka dace da garin nan guda biyu ne, kuma dukkansu 'yan asalin yankunan zafi na nahiyar Amurka ne. Akwai pitanga, mai 'ya'ya masu tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, wadda ake yawan yin shinge da ita a tsofaffin gidaje. Akwai kuma asarola, mai 'ya'ya sumul, wadda bitamin C ɗinta ya ninka na lemon zaƙi fiye da sau goma. Ba a shuka su ta hanya ɗaya, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙwallon pitanga yana tsira cikin mako uku zuwa huɗu idan an shuka shi ɗanye, amma idan aka shanya shi aka ajiye kamar irin masara, to, ya mutu. Ƙwallon asarola kuwa kaɗan ne ke tsira a cikinsa, shi ya sa ya fi kyau a yanki reshe mai ƙwari a dasa, ko a sayi dashe a wurin masu sayar da furanni na bakin titi.

Ruwa ma yana kashe su fiye da ƙishirwa. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da sama ke kwana tana zuba, tukunya ko rabin durom da ba a huda gindinsa ba yakan koma tafki, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shukar kuma ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki. Gyaran shi ne a yi huda da yawa, a ɗora tukunyar a kan bulo, a gauraya ƙasar da rairayi. A unguwannin da ƙasarsu rairayi ce zalla, kamar Lekki da Ajah, akasin haka ake buƙata, wato a ƙara ruɓaɓɓen kashin kaji ko na shanu domin ƙasar ta riƙe laima. A kuma ajiye su inda rana ke duka sosai, domin a inuwar bene ganye kawai za su yi.

Mai son 'ya'yan pitanga ya rage yi mata aski. Duk wanda ke daidaita ta da almakashi kowane wata domin ta yi kyan gani, furanninta yake zubarwa.

Kuskuren da ya fi ɓata wa pitanga suna shi ne gaggawar tsinka. Ɗanta yakan tashi daga kore zuwa ruwan lemo, sannan ja, sannan ja mai duhu, kuma mutane da yawa suna ganin ruwan lemon nan sai su kai baki, su ji tsami da bauri da wani wari mai kama da na kananzir, su tofar, su yanke hukuncin cewa ba abin ci ba ne. A ganina an zalunci bishiyar. Nunannen ɗa ba a jan sa, da ka sa tafin hannu a ƙarƙashinsa ka taɓa shi da yatsa zai faɗo da kansa, yana sheƙi, fatarsa ta yi laushi. Tun da ba sa nuna a rana ɗaya, sai a riƙa zagaya bishiyar kowace safiya kafin tsuntsaye su riga ka. Idan har yanzu warin yana damun ka, ka tsaga su ka cire ƙwallon, ka barbaɗa sukari, ka sa a firji na sa'a biyu ko uku, za ka ji ya ragu ƙwarai.

A ɗakin girki kuma, kada a markaɗa su da ƙwallonsu, domin ɗaci zai ɓata ruwan gaba ɗaya. A murje su da hannu a tace da rariya. Masu haɗa su da zoɓo sukan tafasa komai tare, alhali dogon tafasa yana lalata bitamin C, don haka ya fi dacewa a bar zoɓon ya huce kafin a zuba ruwan 'ya'yan. Idan za a dafa su da sukari domin shafa wa burodi, a guji tukunyar dalma, saboda tsami yana cin ta yana kuma sauya ɗanɗano. Asarola ba ta wuce 'yan kwanaki bayan tsinka, musamman a zafin Legas da ɗaukewar wuta, saboda haka abin da ba za a sha a ranar ba a matse shi a daskarar, ko a raba wa maƙwabta tun da safe.