Yadda zaka binciko asalin unguwar malamai a Katsina

In kana son sanin yadda unguwa irin Masanawa ta kafu, kar ka fara da intanet, fara da limamin masallacin unguwa, ka gaida shi da kyau sannan ka nemi ya haɗa ka da dattijan gidajen malamai, su ke riƙe da salsala. Ka tambaya wa ya fara zama, daga ina ya taso, wa ya karantar da shi. Masanawa dai da Wali Ɗan Masani ake danganta ta, ya rasu 1667, to duk labarin da aka baka ka auna shi da wannan shekarar. In aka fito ma da tsoffin takardun ajami kar ka ce a baka aro, ba mai yarda, ɗauki hoto da waya kawai.