Kurakuran da muke yi idan abokin karawa ya yi rashin ɗa'a a ches na intanet

Wani dare bayan sallar isha, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa a shagonmu na Jidda, fuska a murtuke. "Kawu, dubi abin da mutumin nan yake min." Ya cinye wa abokin karawarsa waziri da doki, saura motsi biyu ya kashe sarki, sai mutumin ya nannaɗe hannu. Minti 7 suka rage a agogon mutumin (kowane ɗan wasa da nasa lokacin, wanda nasa ya ƙare yakan faɗi), ya ƙudura sai sun ƙare. Ga zagi kuma yana ta turowa, don ya ga tutar Najeriya kusa da sunan yaron.

Na tarar yaron yana ramawa, kuma kuskuren da aka fi yi ke nan. Mai zagi so yake hankalinka ya bar allo ya koma kan bakinsa. Shafukan buga ches na Chess.com da Lichess duk suna ba ka damar rufe hira. Ka rufe ta tun kafin wasa, ba sai ranka ya ɓaci ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a ajiye waya a tafi shan shayi, wai ai an gama. Mai jan lokaci yakan bari sai saura daƙiƙa kaɗan ya motsa soja ɗaya, agogo ya juyo kanka ba ka nan, wasan da ka ci ya kuɓuce. Ka bar sautin waya a kunne, ka zauna, ka lissafa amsar kowane motsi da zai iya yi. In kuwa ya fice daga wasan gaba ɗaya, Lichess za ta ba ka maɓallin karɓar nasara bayan ɗan jira. Kana gamawa ka kai ƙararsa, ka toshe shi. Shafin yakan dakatar da masu wannan hali na ɗan lokaci.

Sai zargin maguɗi. Mutum ya doke ka da kyau, ka rubuta masa cewa Stockfish, manhajar kwamfuta mai buga ches, ke buga masa. Wataƙila gaskiyarka ce, amma sau da yawa in ka bi wasan daga baya sai ka ga kai ne ka bar giwarka a bakin doki. Zato zunubi ne. Ka tura rahoto ka yi shiru, domin in an kama shi ana mayar maka da makin da ya ci a kanka.

Mai naci da neman canjaras ko a mayar masa da motsi, ƙi kawai, ba sai da bayani ba.

Kada kuma ka karɓi wasan ramuwa da zafin zuciya. Yaron ya so yi, na riƙe hannunsa. Na tuna masa gasar ches ta Esports World Cup ta 2025 da gwanin ches Magnus Carlsen ya lashe a Riyad, da minti 10 kacal ga kowane ɗan wasa ba ƙarin lokaci. Mai buga irin wannan lokaci da fushi, kafin ya farga maki sun zube. Ya kife wayar, muka rufe shago.