Darasi Na 7: In Safayar Mashin Ta Yi Wuyar Samu

Mai Boxer ba shi da wata damuwa sosai, duk inda ka shiga a Kaduna, Kawo ne ko Rigasa ko Tudun Wada, za ka samu shagon da ke da fulogi da ringi da wayar kuloci na Bajaj. Wannan darasin na wanda mashin ɗinsa ya kwana biyu ne, irin su Jincheng mai hayaki, tsohuwar Honda CG 125, Suzuki, Yamaha, ko Besfa da mutum ya gada wajen mahaifinsa. Irin waɗannan abu ɗaya na lalacewa sai kaji bakanike ya ce ai an daina kawo shi, shikenan mashin ya koma zaure an lulluɓe shi da buhu, alhali da shi ake kai yara makaranta, da shi ake zuwa gona, da shi ake neman na cefane. Sau da yawa sabon ne babu, amma na hannu yana nan kwance a wani shago ƙura ta rufe shi, sai dai wanda ya iya nema.

Kada ka fita neman safaya hannu rabbana. Ka sa bakanike ya kwance maka wanda ya lalace, ka wanke shi da ɗan fetur, ka sa a leda ka tafi da shi. Baki kawai ba ya isa, ka ce "kafireton Jincheng" a miƙo maka kala uku, duk kama ɗaya a ido, sai ka je gida ka ga ramin noti bai hau ba. In abin mai nauyi ne to a ɗauki hotonsa a waya gaba da baya, a ɗora shi kusa da rula ko tef ɗin awo don a ga girmansa.

A nan ne karatun da muke yi a aji zai yi maka rana. Mashin yana da lambobi biyu manya, lambar inji da aka buga a jikin injin, galibi ta ɓangaren hagu daga ƙasa, da lambar shasi da ke wuyan mashin inda kan ke juyawa. Ka goge wajen da tsumma, ka kwafe su a takarda harafi bayan harafi, ka kula da 0 da O, da 1 da I, da 8 da B, don su ne ke ruɗa mutane. Ita ma safayar kanta da yawa tana da rubutu. Fistin misali, a samansa za ka ga STD, ma'ana girmansa na asali ne, ko kaga 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko 1.00, wato an taɓa yi wa bulo, gidan da fistin ke ciki, bora an faɗaɗa shi, dole sai fistin da ringi masu wannan lambar. Sarƙa tana da tata lambar a jiki, kamar 428 ko 420, kuma ba sa hawa siraket ɗin juna, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke bi. Siraket kuwa haƙoransa ake ƙirgawa, ka sa alli a haƙori ɗaya ka zagayo har ka dawo kansa. Wasu tsofaffin mashina wutarsu 6V ce ba 12V ba, ka duba jikin batir kafin ka sayi kwan fitila ko hon.

Wani abin da masu mashin da yawa ba su sani ba, mashina suna da 'yan uwa. Jincheng AX100 a kan tsarin Suzuki AX100 aka ƙera ta, shi ya sa kaya da yawa na ɗaya ke shiga ɗaya. Haka injin Honda CG 125, kamfanonin Chana da dama sun kwaikwaye shi, sunan da ke jikin tanki daban amma cikin injin kusan ɗaya. To kafin ka ce babu, ka tambayi tsohon bakanike, wanda ya yi zamanin mashin ɗin, "Baba na wane mashin ne zai hau?" Amma fa a gwada a gani, don ba komai ke dacewa ba.

Wajen nema, fara da garejin bakanikai na unguwa, akwai masu matattun mashina jingine a bayan rumfa shekara da shekaru. Daga nan sai Panteka, tsohuwar da ke kusa da Kaduna Poli da kuma sabuwar, wajen 'yan gwangwan da masu kwance injina. Oriapata an fi saninta da kayan mota amma tambaya ba ta ɓaci. In Kaduna ta gagara akwai Zariya, akwai Kano, sannan akwai Nnewi a jihar Anambra wadda ita ce babbar cibiyar kayan mashin a Najeriya, kuma masu shaguna da yawa a nan suna da mutanensu can, ka ba su hoto da lamba su tura ta WhatsApp, in an samu a saka a mota. In za a yi haka kada ka tura kuɗi duka ga wanda ba ka taɓa gani ba, ka bi ta hannun mai shagon da ka san ƙofarsa, ka ba da kafin alƙalami a rubuta maka a rasit.

In an samo, kada farin ciki ya sa ka zaro kuɗi nan take. Ka ɗora shi gefen naka ka dube su tare, ramukan noti, tsawo, faɗi. Bulo ka zura yatsa ciki ka shafa, in kaji zane mai zurfi har farce na maƙalewa to ya ci, sai an yi bora. Karanshaf ka riƙe sandarsa ka ja sama ka danna ƙasa, in tana motsi ko tana ƙas ƙas ka ajiye musu abinsu, ɗan motsi na gefe da gefe shi ba laifi. Kafireto a buɗe maka ƙasansa ka ga ko ruwa ya cinye, ka duba tsagewa da inda aka liƙe da gam. Tanki ka haska tocilan wayarka ciki, tsatsa ce za ta yi ta toshe maka kafireto. Shokazoba in jikinta da danshin mai ta gama aiki. Kuma ka yi hattara da abin da aka fesa wa sabon fenti yana ƙyalli cikin tsofaffin kaya, fenti na rufe walda.

Kayan wuta su ne masu wahala don ido ba ya ganin lafiyarsu. Kwayil da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, sai an ɗaura an buga mashin ya tashi. CDI ma kala biyu ne, AC da DC, kuma wani lokaci bakinsu iri ɗaya, in ka sa wanda ba shi ba mashin ba zai kawo wuta ba ko ma ya ƙone. Don haka a yi magana tun kafin kuɗi ya bar hannu. Ku karanta wannan biyu biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai shago:

"Salamu alaikum Alhaji, ina gajiya? Irin wannan nake nema."
"Akwai ɗaya na hannu, dubu 9 ne."
"A yi min dubu 6 mana."
"Albarka Malam, wannan orijina ne, kawo 8."
"Na saya, amma in bai yi ba zan dawo da shi gobe."
"Ba komai, muddin ba a buɗe shi ba."
"To dan Allah a rubuta a rasit, a sa masa alama da alƙalamin maka."

Alamar nan tana kare ku duka biyun, ba mai cewa an canza masa kaya.

Sai maganar da nake so kowa ya riƙe da kyau, satar mashin ta yi yawa kuma ɓarayi kan farfasa shi ne su sayar ɗaiɗai. In wani ya tare ka a bakin kasuwa ya ce zo lungu akwai inji da araha, ba shago ba rasit, ko kaga an goge lambar inji da garanda, wallahi ka bar shi komai buƙatarka. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, a hannunka za a kama, sannan haƙƙin wani bawan Allah ne da ƙila bashi ya ci ya sayi mashin ɗin. Wanda zai sayi inji sukutum dole a rubuta lambarsa a rasit da sunan shago da kwanan wata.

In duk an zaga babu, ƙananan abubuwa irin su bushin, shaf, ko maƙalin ƙarfe, masu injin gyaran ƙarfe a Panteka suna iya fitar maka da sabo in ka kai samfur. Kayan birki da na wuyan mashin dai ban yarda a yi musu dabara ko walda ba, rai ne a kai.

Aikin gida: kowa ya kwafo lambar inji da lambar shasi na mashin ɗin gidansu ko na maƙwabci da izininsa, ya ƙirgo haƙoran siraket na baya ya rubuta. Sannan a yi wannan lissafin, misali ne kawai: safaya naira 8,000, kuɗin mota zuwa da dawowa 1,200, ladan bakanike 2,500, ka fito da 15,000, nawa ya rage? A zo da amsa da kuma tsohon fulogi ɗaya, za mu karanta rubutun jikinsa tare.