Yadda na gyara firjin gaggawa da ya daina sanyaya abinci a kan lokaci

Alhamdulillahi, firjin gaggawan kicin ɗin otal ya dawo daidai. Aikinsa shi ne sauke dafaffen abinci daga digiri 70 zuwa 3 cikin minti 90, amma sai lokaci ya cika tiren shinkafa yana digiri 12.

Da farko an zargi gas. Na sa geji, ba alamar yoyo. Robar ƙofa lafiya lau. Kondensa, wato sashen da ke fitar da zafin firji waje, na wanke maiƙonta, ba abin da ya canza.

Da na kwance murfin fankokin ciki, sai ga kwayil, wato bututun da ke sanyaya iskar cikin firjin, ya toshe da ƙanƙara, iska ba ta ratsawa. Hitar narkar da ƙanƙara tana aiki, amma minti biyu sai ta ɗauke. Ashe sensar da ke auna zafin kwayil ce ta zame daga gurbinta ta jingina da hitar. Da ta ji zafi sai ta shaida wa kwantirola, na'urar da ke sarrafa firjin, an gama narkarwa, alhali ba a fara ba.

Na kashe wuta, na narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi. Kada a sa wuƙa, bututun ba ya jure huji. Na gwada sensar da mita, NTC ce, irin wadda awonta ke hawa idan sanyi ya ƙaru: kilo-om 10 a digiri 25, kusan 27 a cikin ruwan ƙanƙara, wato lafiyarta ƙalau. Na cusa ta tsakanin farantan kwayil, nesa da hita, inda ƙanƙara ke narkewa ƙarshe, na ɗaure ta. Saiti: tsayar da narkarwa a digiri 8, iyakarta minti 30, ɗigar ruwa minti 3.

Gwaji da tire mai zurfin santimita 5, ba murfi: digiri 3 kafin minti 90.