Yadda ake rainon 'yan kyanwar da aka tsinta har a samu mai karɓa

Duk shekara da an gama kai amfanin gona gida, sai yara sun shigo mini da 'yan kyanwa a cikin hula ko kwanon sha: "Inna, a ƙarƙashin rumbu muka gan su." A ƙauyenmu na ƙasar Ringim an san gidana da wannan raino, kuma na ga yadda mutane ke kashe su da tausayi. Ni ma na taɓa kashewa.

Kafin komai ki tabbata marayu ne. Mage tana fita farauta, tana kuma kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon wuri. In kin same su a dunƙule suna barci, ciki a cike, ki bar su a nan, ki barbaɗa toka kewaye da wurin, ki kore yara. Bayan awa uku ko huɗu ki dawo ki duba. In akwai sawu a tokar, aikinki bai wuce ajiye wa uwar abinci da ruwa ba. In babu, ga kuka, ga jiki ya yi sanyi, to sun zama naki.

Daga nan ne kowa ke yin ɓarna, domin da an ji kuka sai a ce yunwa ce, a ruga neman madara. Wani hunturu aka kawo mini guda uku daga bayan injin niƙa, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba, jikinsu kamar an tsamo su daga randa. Na dama madara, na kwantar da su rigingine a cinyata kamar jarirai, na dinga ɗura musu da cokali. Ina gani madarar na fitowa ta hancin ƙaramar, na goge na ci gaba. Kafin kiran assalatu, biyu daga cikinsu sun mutu. Sai ranar kasuwar Gujungu wani malamin dabbobi ya fahimtar da ni: ɗan kyanwar da bai kai sati 4 ba ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, in ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da komai, kuma in madara ta fito ta hanci mai yiwuwa ta riga ta shiga huhu.

Saboda haka ɗumi tukuna. Ki taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa. In da sanyi, ki sa shi cikin rigarki, jikinsa a jikinki, ko da awa guda ce, har ya fara motsi yana neman nono. Sannan ki samu kwali, ki shimfiɗa tsohon zani, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki naɗe ta da tsumma ki ajiye a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi haka nan don in zafi ya ishe su su matsa. Ruwan nan yana hucewa, da tsakar dare sai kin tashi kin sake. Kada ki ce za ki huta ki jawo kaskon garwashi kusa da kwalin.

Abin sha kuwa, akwai madarar da aka yi don 'yan kyanwa a shagunan kayan dabbobi a birnin Kano, amma kuɗinta da na mota sun isa ki sayi kaji. Ni nonon akuya nake tafasawa, in ya huce in kaɗa ƙwanduwar ƙwai ɗaya a kofi guda. Nonon shanu zalla yana sa su zawo, zawo kuma yana iya gamawa da su cikin kwana biyu. Ki manta da cokali. Ki sayi ƙaramin sirinji a kemis, ki cire allurar. Ki ɗiga a bayan hannunki ki ji ɗumin. Ki kwantar da shi rub da ciki kamar yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, ki sa bakin sirinjin ta gefen baki, ɗigo ɗigo, sai kin ga ya haɗiye ki ƙara. Sabon haihuwa nauyinsa kamar giram 100 ne, mil 3 zuwa 4 (awon da ke jikin sirinji) ya ishe shi a sha ɗaya, duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare. Idanu kan buɗe ne wajen kwana 7 zuwa 10, da shi za ki ƙiyasta kwanakinsu.

Bayan kowane sha ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa ƙarƙashin wutsiya har ya yi fitsari. Uwarsu da harshe take yi, kuma har su kai sati 3 ba sa iyawa da kansu.

Ƙuma, ki tsince ta da mataji. Ban da fiya-fiya, ban da Panadol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage. Maganin tsutsar ciki ki bar wa malamin dabbobi ya auna.

A sati 4 haƙora sun fito, sai ki fara murje dafaffen kifi marar ƙaya a cikin nonon. Ban da ragowar tuwo da miya, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini. Ki zuba yashi a tsohon kasko ki ajiye a lungu, su da kansu za su gane. Ki rufe rijiya, ki sa ido kan shirwa in sun fara fitowa tsakar gida.

Ba na bayarwa sai sun cika sati 8, kuma ba na karɓar ko sisi. Masu rumbu da masu shagon hatsi ba sa ƙarewa, tun kafin 'yan kyanwar su yi wayo ake kama layi. Tambayata ɗaya ce: ana sa gubar ɓera a gidan? In ana sawa ban bayarwa, ko ɗan'uwana ne. Wanda ya karɓa in ce masa ya rufe kyanwar a ɗaki sati guda kafin ya sake ta, ya kai ta allurar haukan kare in ta cika wata 3, in kuma haɗa masa da tsumman da take kwana a kai.