Yadda Ake Nuna Ƙauna da Farin Ciki da Italiyanci

Ɗalibin da ya tashi daga Garwa ko Marwa zuwa karatu a Milan ko Turin na ƙasar Italiya yakan tafi da Faransanci a bakinsa, kuma wannan yana taimaka masa ƙwarai, amma a maganar ƙauna yana iya jefa shi cikin abin kunya. Bafaranshe yakan ce "je t'aime", wato "ina son ki", ga matarsa da mahaifiyarsa duka, alhali kuwa Italiyawa sun raba wannan magana gida biyu.

"Ti amo" ta masoya ce da ma'aurata. Ga iyaye da 'yan'uwa da aminai, abin da za ka ce shi ne "ti voglio bene", wato "ina so maka alheri", kuma ana furta "voglio" kamar "volyo". A ganina wannan ta fi dacewa da ɗabi'armu, domin Bahaushe ma ya fi sakewa da yi wa mutum fatan alheri a kan ya fito fili ya ce yana ƙaunarsa. Wani ɗan ƙanena ya taɓa rubuta wa dattijuwar da ta ba shi hayar ɗaki "ti amo", don ya gode mata da miyar da ta kai masa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta gyara masa. Da ma babban da ba ku saba da shi ba, ba a ce masa "ti", sai dai "Le voglio bene", kamar yadda muke ce wa dattijo "ku".

Idan kewar mutum ta dame ka, ka ce "mi manchi", ka furta "manki", domin "ch" a wurinsu "k" ce.

Farin ciki kuwa ba shi da wahala. "Sono felice" na nufin "ina farin ciki", kuma "c" ɗinta daidai take da tamu ta "ciki". Namiji na iya cewa "sono contento", mace ta ce "sono contenta". In abokinka ya ci jarrabawa, ka ce "complimenti", ka ƙara da "sono felice per te", wato "na taya ka murna". In aure ne ko haihuwa ko ranar biki, kalmar ita ce "auguri". Wanda ya ce maka "ti voglio bene" kuma, ka amsa masa da "anch'io", a furta "ankiyo", ma'ana "ni ma haka".