Yadda Za Ka Bi Manhajar Digirin Kimiyyar Kwamfuta Daga Aji Ɗaya Zuwa Kammalawa

Da yawa daga cikin masu cike kimiyyar kwamfuta a fom ɗin JAMB suna zaton da an shiga jami'a za a zaunar da su gaban kwamfuta a fara koya musu rubuta firogram. Sai su tarar da lissafi da fiziks da darasin Turanci, a ɗakin lakca mai cin ɗaruruwan ɗalibai, daga nan gwiwar wasu ta yi sanyi. Abin da ya kamata ka sani tun kafin ka biya kuɗin rajista shi ne kwasa-kwasan wannan digiri a sarƙe suke, kowanne yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi. Ga yadda za ka bi su.

Na farko: nemi manhajar karatun ka karanta ta da kanka

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon BMAS. A wannan tsari hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ta ga ya dace da ita. Shi ya sa ɗalibin Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello za su haɗu a mafi yawan kwasa-kwasai, su sha bamban a wasu. Tsarin ya kuma ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, da digiri daban-daban a ƙarƙashinsa: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin sofwaya, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da sauransu. Ka tabbatar wanne aka ba ka, don ba abu ɗaya ba ne.

Wanda ya shigo ta jarrabawar UTME ta JAMB shekara 4 zai yi, ya tara aƙalla yunit 120, yunit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas. Mai shigowa kai tsaye aji biyu shekara 3 ce. Ka sauke kundin CCMAS na fannin kwamfuta daga shafin NUC, ka karɓi littafin jagora na sashenku, sannan ka samu babbar takarda ka jera kwasa-kwasan shekara huɗun. Ja kibiya daga kowane kwas zuwa wanda ya dogara da shi. Za ka ga kibau da yawa suna fita daga wurare biyu kacal, lissafi da rubuta firogram. Nan ne ba a wasa.

Na biyu: ka kama makinka tun aji ɗaya

Aji ɗaya na share fage ne. Akwai lissafi a zango na farko da na biyu, da fiziks da aikinsa na ɗakin gwaji, da ƙididdiga, da darussan GST, wato darussan gama-gari irin su Turanci da kowane ɗalibi ke yi. Na sashenku biyu ne manya: COS 101, gabatarwa ga ilimin kwamfuta, da COS 102, dabarun warware matsala. Wannan na biyun ɗalibai suna raina shi saboda galibi zane-zane ne da jera matakai a takarda, alhali shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Ga lissafin da nake so kowane sabon ɗalibi ya yi da hannunsa. A sakamakon kowane kwas, A yana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa babu komai. Ana ninka makin da yawan yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. A ce ka yi yunit 30 a aji ɗaya ka fita da 2.50, ka tara maki 75 ke nan. Digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa daga 3.50, wato maki 420 a yunit 120. Saura 345 a cikin yunit 90, ma'ana sai ka riƙe kusan 3.83 shekara uku a jere, a daidai lokacin da karatun ya fi zafi. Da sanyin safiya ake kama fara. Kada ka yi sakaci da GST don kana ganin ba fanninka ba ne, yunit ɗinsa daidai yake da na kowane kwas a wajen lissafi.

Na uku: a aji biyu, rubuta firogram kullum

Nan ake shiga COS 201 da COS 202, rubuta firogram kashi na ɗaya da na biyu. A cikin yarukan rubuta firogram, wata jami'ar Java take koyarwa, wata Python, wata C++. Kada ka ɓata lokaci kana gardamar wanne ya fi. Kama wanda aka ba ka, ka iya shi sosai, koyon na biyu ba zai wahalar da kai ba.

Lakca ba ta koya wa mutum wannan aiki, kuma haddar handawut ba ta fitar da kai. Duk misalin da malami ya rubuta a allo, ka koma ɗaki ka buga shi da yatsunka, ka kunna shi, sannan ka ɓata shi da gangan ka ga irin saƙon kuskuren da zai fito. Cire waƙafi ɗaya, sauya ƙaramin harafi ya koma babba, sa a raba lamba da sifili. Karanta saƙon kuskure fasaha ce mai zaman kanta, kuma da ita ake gane wanda ya taɓa aikin da hannunsa. Ko da awa ɗaya ce a rana, ta fi kwana uku a jere ana gobe jarrabawa.

Rashin wuta ko rashin laftof ba ya tsayar da wannan. A jami'o'inmu da biro da takarda ake rubuta firogram a zauren jarrabawa, don haka ka saba da bin sawun firogram a takarda: zana tebur, kowane canjin ƙima ka rubuta shi layi bayan layi har madaukin, wato layukan da firogram ke maimaitawa, ya ƙare. Akwai kuma manhajojin waya irin su Pydroid da ake gudanar da Python a kansu. In za ka sayi laftof, tsohuwa mai lafiya da batir mai riƙe caji ta wadatar.

Ina da ja a kan yadda ɗalibai ke amfani da ChatGPT a wannan mataki. Ka tambaye shi ya bayyana maka kuskuren da ka kasa ganewa, wannan ya yi. Amma ka miƙa masa aikin gida ya rubuta maka ka kwafa, ranar jarrabawa daga kai sai takarda.

A wannan shekarar ce kuma za ka haɗu da lissafin rarrabe, mai koyar da mandiƙi da rukunoni da hanyoyin kafa hujja, da kuma darasin tsarin cikin kwamfuta, inda za ka ga yadda 0 da 1 suke zama lissafi a cikin na'ura. Lissafin rarrabe shi ne wanda za a sake nema a hannunka a aji uku da huɗu.

Na huɗu: aji uku, cibiyar digirin

Tsare-tsaren ajiye bayanai, wato CSC 301, da tsarin gudanar da kwamfuta, da rumbun bayanai, da sadarwa tsakanin kwamfutoci, da ƙirƙirarriyar basira, duk a nan suke taruwa. Misali ɗaya zai nuna maka abin da ake nufi da kimiyya a sunan digirin. Kana neman suna guda a cikin sunaye 1,000. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba dubun gaba ɗaya. In an jera su bisa haruffa, ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar sauran, mataki 10 sun isa. Sunaye miliyan ɗaya kuwa mataki 20. Irin wannan tunani ake so ka fita da shi, kuma shi kamfanonin sofwaya ke gwadawa in sun kira mutum intabiyu.

Kowane kwas ka haɗa shi da ƙaramin aiki naka. Kana rumbun bayanai, ka gina na shagon unguwarku da manhajar MySQL, da kaya da farashi da masu bashi. Kana tsarin gudanar da kwamfuta, ka ɗora Linux, wanda ɗaya ne daga irin waɗannan tsare-tsare, ka zauna a kansa. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin intanet na ajiye firogram, ka riƙa ajiye ayyukan.

Na biyar: zaɓi wurin SIWES da idon basira

SIWES, wato shirin horon ɗalibai a wuraren aiki, yana ƙarƙashin hukumar ITF mai kula da horo a masana'antu, kuma yana da yunit masu nauyi. Fara neman wuri wata biyu ko uku kafin lokaci. Ƙaramin kamfani da za a ba ka aikin gaske ya fi babban ofis da za ka wuni kana hoton takardu. Ka cike littafin ayyukanka kowace rana, kada ka bari sai ana gobe malami zai zo dubawa.

Na shida: fara furojet kafin a ce ka fara

A aji huɗu akwai nazarin algoridim, wato jerin matakan warware matsala, da auna saurinsu, da ɗa'a da dokokin sana'ar, da hanyoyin bincike, sai furojet na ƙarshe wanda ke cin zango biyu. Idan kana da kwas ɗin da ka faɗi a baya, yi masa rajista da farko, don ana da iyakar yunit 24 a zango, kuma kwas ɗaya tak yana iya ƙara maka shekara.

Tun kana wurin SIWES ka riƙa rubuta matsalolin da kake gani, cikinsu za ka samu taken furojet. Zaɓi ƙarami wanda za ka iya gamawa ya yi aiki, ka kai wa malamin da ke duba ka take biyu ko uku ya zaɓa. Kada ka sayi furojet a kasuwa. Ranar kare shi, malamai sukan ce a buɗe firogram ɗin, su nuna layi ɗaya su ce ka faɗi aikinsa, ko su sa ka sauya wani abu nan take a gabansu. Ka je da laftof a cike da caji, da kwafin aikin a filasha, kuma ka gwada shi a kan wata kwamfutar daban kwana ɗaya kafin ranar.